RUDOLF VIRCHOW (1821-1902): LIKITAN DA YA BI SAWUN CUTA HAR CIKIN ƘWAYAR HALITTA

Gabatarwa

Duk wanda aka taɓa yankar ɗan nama daga jikinsa a asibiti, aka aika da shi ɗakin bincike don a gano ko ƙarin da ya fito masa mugu ne ko kuwa mai sauƙi, to, ya ci gajiyar aikin wani likita Bajamushe mai suna Rudolf Virchow, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Wannan bawan Allah shi ne ya koya wa likitocin duniya cewa in ana son a gane cuta, sai a bi sawunta har cikin ƙwayar halitta, watau ɗan mitsitsin abu mai rai wanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Kamar yadda ake jera tubali a tayar da soro, haka aka gina jikin ɗan Adam da waɗannan ƙwayoyi kimanin tiriliyan 30. Bambancin kawai shi ne, shi wannan tubali yana ci, yana aiki, yana haihuwa, yana jin rauni, kuma yana mutuwa.

Wannan maƙala za ta bi tarihin Virchow daga haihuwarsa zuwa rasuwarsa, tare da mai da hankali a kan abin da ya gano game da yadda ƙwayar halitta ke yi in an cuce ta, da kuma yadda ciwon daji, ko sankara, ke samo asali daga nan.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Rudolf Virchow ran 13 ga watan Oktoba, 1821, a wani ƙaramin gari mai suna Schivelbein cikin daular Purushiya. Garin yanzu yana cikin ƙasar Polan. Mahaifinsa manomi ne, kuma shi ne ma'ajin garin, Rudolf kuwa shi kaɗai suka haifa. Tun yana makarantar sakandare a garin Koslin ya yi fice wajen koyon harsuna, musamman Latin da Girkanci.

Da yake iyayensa ba masu ƙarfi ba ne, a cikin 1839 sai ya shiga makarantar likitocin soja ta birnin Barlin, inda ake koyar da yara masu hazaƙa kyauta bisa sharaɗin su yi wa soja aiki daga baya. A nan ya zauna gaban manyan malamai irin su Johannes Muller, wanda ya riga ya fara duban ƙari da madubin likita. Ya sami digirin likita a 1843, sa'an nan ya kama aiki a babban asibitin Charite na Barlin. Ba da jimawa ba aka sa shi mataimakin Robert Froriep, mai binciken gawa don gano musabbabin mutuwa, kuma a 1846 ya gaje shi a wannan muƙami, yana ɗan shekara 25 ko ƙasa da haka.

Yadda Aka Ɗauki Cuta Kafin Zamaninsa

Kafin a gane girman aikinsa, ya kamata mai karatu ya san inda aka kwana sa'ad da ya shigo fagen. Tun zamanin likitocin Girka na dā, an yi imani cewa jiki yana tafiya ne a kan ruwaye huɗu: jini, da majina, da rawayan ruwan maɗaciya, da baƙin ruwan maɗaciya. In ɗaya ya rinjayi sauran, sai cuta ta kama mutum. Ciwon daji kuwa, a wannan ra'ayi, baƙin ruwan ne ya taru a wuri ɗaya ya daskare. Wannan ya sa aka daɗe ana yi wa marasa lafiya ƙaho da tsaga da ba su maganin wankin ciki, da nufin a rage ruwan da ya yi yawa.

A 1761 wani likitan Italiya, Morgagni, ya nuna cewa kowace cuta tana da mazauninta a wata gaɓa, kamar hanta ko huhu. Wajen 1800 kuma Bichat na Faransa ya ƙara matsawa ciki, ya ce a dubi ire-iren naman da suka haɗu suka yi gaɓar. A 1838 da 1839 Schleiden da Schwann suka tabbatar cewa tsirrai da dabbobi duka da ƙwayoyin halitta aka gina su. Amma sun zaci sababbin ƙwayoyi suna tsirowa ne daga wani ruwa maras siffa, kamar yadda gishiri ke fitowa in ruwansa ya ƙafe. Saboda haka har yanzu ruwa ne ake ɗora wa laifi.

Jinin da Ya Yi Fari

A 1845 Virchow ya binciki gawar wata mata mai aikin girki, ya tarar saifarta ta kumbura ƙwarai, jininta kuma ya yi fari-fari saboda yawan fararen ƙwayoyin jini. A cikin wannan shekara wani likita a Edinbara ta ƙasar Sikotlan, John Hughes Bennett, ya ga irin wannan, ya yanke hukunci cewa jinin ne ya koma mugunya. Virchow kuwa ya ƙi yarda da wannan hukunci. Maimakon ya ƙirƙiro dalilin da bai gani ba, sai ya tsaya a kan abin da idonsa ya nuna masa, ya sa wa cutar suna da siffarta kawai. A 1847 ya juya sunan zuwa Girkanci, ya zama lukimiya, ma'anarsa jini mai fari. Ba farin jinin da Bahaushe ke nufi da ƙaunar jama'a ba ne, wannan ita ce cutar da yanzu ake kira sankarar jini.

Har ila yau a waɗannan shekaru ya gano cewa gudan jinin da ake samu ya toshe jijiyar huhu ba a nan yake haɗuwa ba. Daga jijiyoyin ƙafa yake ɓallewa, jini ya kwashe shi ta cikin zuciya har ya maƙale a huhu. Ya tabbatar da haka ta hanyar gwaji a kan karnuka. A 1847 kuma shi da abokinsa Benno Reinhardt suka kafa mujallar binciken cututtuka, wadda har yanzu ake bugawa da sunansa.

Annobar Silesiya

A farkon 1848 gwamnatin Purushiya ta aike shi lardin Silesiya ta Sama, inda yunwa ta haɗu da zazzaɓin taifus, wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa, suna ta kashe talakawa. Yawancin mutanen wurin harshen Polan suke yi. Hukuma ta sa ran ya dawo da sunan magani. Shi kuwa da ya ga yadda mutane ke cunkushe cikin bukkoki tare da dabbobinsu, ba abinci, ba ilimi, sai ya rubuta rahoto ya ɗora laifin annobar a kan talauci da sakacin mahukunta. Shawarwarinsa su ne a ilimantar da yara maza da mata cikin harshensu na gado, a sauke wa talaka haraji a ɗora wa mai hali, a gina hanyoyi, a kyautata noma, a kuma bar jama'a su zaɓi masu mulkinsu.

Kwanaki kaɗan bayan dawowarsa, cikin watan Maris, tawaye ya ɓarke a Barlin, ya shiga cikin masu kafa shinge a titi. Ya kuma fara buga wata jarida ta mako-mako mai neman a gyara harkar likitanci. Da tawayen ya mutu, a 1849 aka dakatar da shi daga aiki. Amma wani hanin ga Allah baiwa ne, gama a wannan shekarar jami'ar Wurzburg ta kira shi ta ba shi kujerar shehun malami a fannin binciken cututtuka. Ya auri Rose Mayer a 1850, suka haifi 'ya'ya shida. Shekaru bakwai da ya yi a Wurzburg, nesa da hayaniyar siyasa, su ne suka haifar da babban aikinsa.

Ƙwayar Halitta da Rauni

A 1855 Virchow ya bayyana ƙa'idar da ta sa sunansa ya shahara, watau cewa kowace ƙwayar halitta daga wata ƙwayar ta fito, ta hanyar rabuwa gida biyu. A 1856 aka mai da shi Barlin aka gina masa cibiyar bincike. A 1858 ya gabatar da laccoci 20 ga likitocin birnin, aka tara su aka buga littafi a kan cutar ƙwayar halitta. Abin da littafin ya ƙunsa a taƙaice shi ne, cuta rayuwa ce dai irin ta kullum, sai dai tana gudana cikin yanayin da ya canza, kuma abin da ake gani a jikin maras lafiya amsa ce da ƙwayoyinsa suka bayar ga abin da ya dame su.

Wannan amsa iri-iri ce, kuma har yau da ita ake buɗe wa ɗaliban likitanci darasin cututtuka. In aka ɗora wa ƙwayoyi aikin da ya fi na dā, suna iya ƙara girma ba tare da sun ƙara yawa ba. Haka damtsen maƙeri ke yin kauri, haka kuma naman zuciyar mai hawan jini ke yin kauri don yana turo jini da ƙyar. Wasu kuwa sai su ƙara yawa, kamar yadda kanta ke fitowa a tafin hannun manomi saboda gogar ƙotar fartanya. Virchow ne ya rarrabe tsakanin waɗannan biyu, ƙarin girma da ƙarin yawa. In kuma aka rage musu aiki ko abinci, sai su tsumbure, shi ya sa ƙafar da ta daɗe cikin ɗori take fitowa siririya. Na huɗu shi ne sauya kama: a hanyar iskar mai shan taba, ƙwayoyi masu laushi masu share majina sukan ba da wuri ga wasu masu tauri irin na fata, waɗanda suka fi jure hayaƙi amma ba su iya shara.

Idan cutarwar ta wuce abin da za a saba da shi, sai ƙwayar ta ji rauni. Da fari takan sha ruwa ta kumbura ta yi duhu-duhu, ko kitse ya taru a cikinta, kamar yadda ke faruwa a hantar mashayin giya. A wannan mataki in an kawar da abin da ke cutar da ita tana iya farfaɗowa. In kuwa abin ya ci gaba, sai ta fashe ta mutu, abin cikinta ya zube. Nan take jiki zai aiko da jini da fararen ƙwayoyi wurin, sai a ga ja, da zafi, da kumburi, da raɗaɗi. Waɗannan alamu huɗu an san su tun zamanin Rumawa, kuma masana da yawa na danganta wa Virchow ƙarin ta biyar, watau gaɓar ta kasa yin aikinta. Bayan an share wurin, ƙwayoyin da ke kewaye sukan yi ta rabuwa har su cike gurbin, ko su bar tabo. Sai a 1972 ne wasu masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, suka bayyana wata hanyar mutuwa ta biyu, inda ƙwayar da ta lalace ko ta gama aikinta take kashe kanta cikin tsari, maƙwabta su haɗiye ta ba tare da kumburi ba.

Ciwon Daji

Abin lura a duk waɗannan amsoshi shi ne suna da iyaka. In manomi ya ajiye fartanya, kanta takan baje. In rauni ya rufe, ƙwayoyi sukan daina rabuwa. To, ina labarin ƙwayar da ta fara rabuwa ta ƙi tsayawa, ko da abin da ya tayar da ita ya wuce? Wannan shi ne ƙari. In ya tsaya wuri ɗaya yana girma a hankali cikin ɓawonsa, shi ne mai sauƙi. In kuwa ya kutsa cikin naman da ke kusa, ya kuma tura 'ya'yansa zuwa hanta ko huhu ko ƙashi, shi ne ciwon daji.

Tun da kowace ƙwaya daga wata ta fito, ashe ƙwayar ciwon daji ma 'yar gida ce, daga lafiyayyar ƙwayar jikin mai ciwon ta samo asali. Da ɗan gari a kan ci gari. Wannan ne ya sa maganin ciwon yake da wuya, domin abin da zai kashe ƙwayar da ta kangare yakan taɓa 'yan'uwanta masu biyayya. Virchow ya zuba wannan bincike cikin wani babban littafi a kan ƙari iri-iri, wanda ya fito kashi-kashi daga 1863 zuwa 1867, bai kuwa ƙarasa shi ba. Ya lura cewa ana samun fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari, kuma ciwon daji yakan fito a wurin da aka daɗe ana gurzawa ko wurin da kumburi ya ƙi warkewa. Don haka ya yanke cewa cutarwa ta yau da gobe ita ce ke tura ƙwayoyi su wuce gona da iri. Shi ne kuma ya nuna tun 1848 cewa kaluluwa mai tauri a gindin wuya ta hagu takan zama alamar ciwon daji a cikin tumbi, kuma har yanzu da sunansa ake kiran wannan kaluluwa.

Inda Ya Kuskure

Gwani ba ya rasa tuntuɓe. Robert Remak ya riga shi nuna cewa ƙwayoyi rabuwa suke yi, a cikin 1852, amma Virchow bai ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba. Ya kuma zaci cewa ciwon daji duka daga naman da ke ɗaure gaɓoɓi yake fitowa, sai Thiersch da Waldeyer suka nuna a shekarun 1860 cewa mafi yawansa daga ƙwayoyin da ke shimfiɗe a fata da bangon hanji da makamantansu ne. Ya ɗauka wani ruwa ne ke kai ciwon gaɓoɓi masu nisa, alhali ƙwayoyin ne da kansu ke bin jini da hanyoyin kaluluwa. Almajirinsa Cohnheim ya nuna a 1867 cewa mugunya fararen ƙwayoyin jini ne da suka ratso bangon jijiya, saɓanin koyarwar malaminsa. Daɗin daɗawa, ya daɗe yana ɗari-ɗari da masu cewa ƙwayoyin cuta daga waje ne ke haddasa annoba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo masa a 1887, sa'ad da muryar yarima mai jiran gadon Jamus, Friedrich, ta dishe. Likitocin Jamus sun yi zaton ciwon dajin maƙogwaro ne, suka shirya yin tiyata. Wani likitan Ingila, Morell Mackenzie, ya tsinko 'yan ƙananan yankuna daga wurin aka kai wa Virchow, ya duba bai ga ciwon daji a cikinsu ba, aka fasa tiyatar. Yarima ya hau gadon sarauta a watan Maris na 1888, ya yi kwana 99 kacal ya rasu. Virchow da kansa, tare da Waldeyer, suka binciki gawar suka tabbatar ciwon daji ne. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne, madubi ba ya faɗin kome sai abin da ke cikin yankin da aka ɗora masa.

Hidimar Jama'a

Virchow bai manta da Silesiya ba. Daga 1859 har ƙarshen ransa ɗan majalisar birnin Barlin ne, kuma da ƙoƙarinsa aka fara gina magudanan ƙazanta na birnin a 1873, tare da injiniya James Hobrecht. Ya tsaya a kan a riƙa duba naman alade kafin a sayar saboda wata tsutsa mai shiga tsokar mutum. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar masu neman ci gaba a 1861, ya kuma zauna a majalisar daular Jamus daga 1880 zuwa 1893. Adawarsa da Bismarck a kan kuɗin soja ta yi zafi har a 1865 Bismarck ya ƙalubalance shi su yi fito-na-fito da makami, shi kuwa ya ƙi. Ya kuma jagoranci binciken launin fata da gashi da ido na 'yan makaranta fiye da miliyan shida, sakamakon ya nuna cewa Jamusawa gauraye ne, babu wani tsantsar jinsi a cikinsu.

Rasuwarsa

A watan Janairu na 1902, yana da shekara 80, ya diro daga jirgin titi na lantarki kafin ya gama tsayawa, ya faɗi ya karye a cinya. Bai ƙara samun lafiya ba. Ya rasu a Barlin ran 5 ga Satumba, 1902. Ya bar gidan adana samfurin cututtuka mai ɗauke da abubuwa sama da 20,000.

Kammalawa

Shekaru 13 bayan rasuwarsa, watau a 1915, wani almajirinsa Bajapane, Yamagiwa, tare da Ichikawa, suka yi watanni suna shafa kwaltar gawayi a kunnuwan zomaye har ciwon daji ya fito. Wannan ne karo na farko da aka haddasa ciwon da gangan ta hanyar sinadari. Abin da Virchow bai iya gani da madubinsa ba, yanzu an san shi. A cikin kowace ƙwaya akwai rubutun gado, wanda ake kira DNA, kuma duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu sai ta kwafe shi. Wurin da ake yawan raunatawa ana gyarawa, kwafi yakan yi yawa, kuskure ya yi ta taruwa, har wata rana ya faɗa a kan umarnin da ke cewa a tsaya ko a mutu. A 1960 aka ga irin wannan lahani a karon farko, kuma a cikin wani nau'i na sankarar jini aka gan shi, cutar da Virchow ya raɗa wa suna.

Ba kowane ciwon daji ne ke fitowa daga kumburi ba, amma wanda ke fitowa ta nan ba kaɗan ba ne, kuma sau da yawa ƙwayoyin cutar da Virchow ya yi wa ɗari-ɗari su ne ke hura wutar. Ƙwayar cutar gyambon ciki tana iya kai wa ga sankarar tumbi. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yakan cinye hanta a hankali har ya ƙare da sankara, shi ya sa allurar rigakafinsa take cikin waɗanda ake yi wa jarirai a Nijeriya. Tsargiya, wadda yara ke kwasowa a kududdufi da fadama har a ɗauka fitsarin jini ba kome ba ne, ƙwan tsutsarta yakan daɗe yana gurzar mafitsara har ya jawo ciwon. Haka kuma tsohon gyambon ƙafa ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru yana buɗewa yana iya rikiɗa. Duk waɗannan cututtuka sun fi kama wanda ba shi da ruwa mai tsabta, ba shi da asibiti kusa, ba shi da kuɗin magani. A nan ne binciken da Virchow ya yi a Wurzburg ya haɗu da rahoton da ya rubuta a kan Silesiya, domin raunin da aka bari yana maimaituwa a jikin talaka shi ne dai raunin da ƙwayar halitta ke ta ƙoƙarin gyarawa har ta kangare.